Baba Nata'ala da Tumakin Eunice

Ranar da Jamilatu ta ce za ta kai mahaifinta ƙauye hutawa, duk wanda ya ji a unguwarsu ta Lewisham sai da ya dara. Awabu, maƙwabciyarta 'yar zangon Kumasi, ita ta fi kowa. Ta dafe ƙirji a bakin matakala, ta ce da irin Hausarsu wadda ba ruwanta da mace ko namiji, "Jamilatu, ka baro daji a gida, ka zo London, yanzu kuma ka yi booking ka koma daji? Wallahi ka ba ni mamaki!"

Jamilatu ko a jikinta. Mace ce da in ta ƙudurta abu, to ka tanadi yawun bakinka kawai. Ta ce, "Awabu, ki dai riƙe mini makulli, ki riƙa ba shukata ruwa. Sai mun dawo ki yi dariyar da hujja."

Mahaifin nata, Malam Nata'ala, mutumin Maigatari ne. Tun yana yaro yake bin tumakin ubansa, da ya girma ya zama mai sayar da raguna da ake ji da shi. Gab da wata Babbar Salla yana lodin raguna ya zamo daga bayan mota, ƙugunsa ya karye. Maɗori ya yi iyakar yinsa, ƙashi bai kama ba. Jamilatu, da yake nas ce a wani asibiti a London, ta yi ruwa ta yi tsaki aka kawo shi, aka yi masa aiki a farkon 1991. Likitoci suka ce aiki ya yi kyau, abin da ya rage ya tashi ya taka. Ya fara takawa kuwa, da wani ƙarfe mai ƙafa huɗu da asibiti suka ba shi. Sai ran nan santsi ya ɗebe shi a banɗakin gidanta. Ko ƙwarzane bai yi ba, amma tsoro ya shige shi. Tun daga ranar ya zauna a keken guragu, ya ce ƙafafunsa sun gama aikinsu na duniya.

Ta lallashe shi, ta yi masa faɗa irin wanda 'ya take iya yi wa uba, ta kawo abokan aikinta sun yi masa bayani. Ina! Har sunan da yake kiranta ya canza. Da can "Uwata" yake ce mata, domin sunan mahaifiyarsa ta ci. Yanzu sai dai ya ce, "Malama nas, a ƙyale ni haka." Wannan kuwa yana yi mata ciwo ƙwarai, ko da yake ba ta taɓa faɗa ba.

Daga gida kuma waya ta ƙi ƙarewa. Yayyenta maza suka ce tunda aiki ya gagara, a sa tsoho a jirgi a dawo musu da shi su yi jinyarsa. Ƙaninta Lawal, wanda yake karatu a Stratford, nan cikin London, shi ne ɗan aikensu. Ita kuwa Jamilatu a ɗakin tsofaffi na asibitin take aiki, ta san abin da zama yake yi wa ƙafa. Ta kuma san gidansu. In Baba ya sauka a Kano a kan keken nan, za a ɗauke shi cak, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, wannan ya kawo masa buta, wancan ya juya shi, a yi ta ƙaunarsa har ƙafafun su shanye. Ba zai ƙara tsayawa ba har abada.

Ta ce wa Lawal, "Ku ba ni mako guda. Mutumin da ya yi rayuwarsa a fili, mun sa shi a hawa na huɗu yana kallon rufin motocin bas, kuna so ya tashi ya je ina? In kai shi inda akwai ƙasa."

Lawal ya ce, "Yaya, in bai tashi ba fa?"

"Zai tashi."

"In bai tashi ba?"

"Kai Lawal, ɗauko jaka ka sa a mota."

Wata abokiyar aikinta ce ta yi mata kwatancen wani gidan hutu da ake haya, can cikin tuddan ƙasar Wales. Suka bar London da hantsi a tsohuwar motar da Lawal ya aro. Hanya ta yi ta tsukewa, babbar ta zama ƙarama, ƙaramar ta zama wani siririn lungu tsakanin katangun duwatsu, wanda in kun haɗu da wata mota sai ɗaya ya yi baya. Daga ƙarshe katangun ma suka ƙare, sai fili da ciyawa da tudu a gabansu.

Gidan na dutse ne, ƙofarsa gajera, sai Lawal ya sunkuya yake shiga. Akwai murhu a falo, ga itace an jera. A gaba kuma lambu ne da aka kewaye da katanga mai ƙyauren katako: kabeji, wake mai hawa sanda, da furanni iri-iri. Mai gidan, wata dattijuwa mai suna Eunice, tana tsaye tana jiransu cikin takalman roba. Gajera ce kakkaura, magana ɗaya biyu ta gama. Ta ce gonarta tana bayan tudu. Ta ce lambun na marigayi mijinta ne, ita take kula da shi yanzu, su tsinki abin da suke so. Abu ɗaya ta roƙa, a riƙa rufe ƙyauren.

Da ta tafi, Baba ya dubi gabas ya dubi yamma daga kan kekensa. Ya ce, "Ina mutanen garin?"

Jamilatu ta ce, "Ba gari ba ne, Baba. Gida ɗaya ne. Mutanen nan in sun gaji da hayaniya, irin nan suke zuwa don kada kowa ya dame su."

"A ce mutum ya kwana ya tashi ba wanda zai yi masa sallama, kuma shi ya nema da kansa?" Ya girgiza kai. "Allah ya kyauta."

Suna shigar da shi idonsa ya tsaya a kan wata sanda da ke rataye a shirayin ƙofa, doguwa mai lanƙwasasshen kai, hannu ya goge ta har tana sheƙi. Ya ce, "Wannan ta makiyayi ce." Ƙasa-ƙasa ya faɗa. Amma Jamilatu ta ji, domin rabon da ya kula da wani abu ba a tambaye shi ba har ta manta.

Kwanakin farko ba abin da ya motsa. Da safe ta dama masa hatsin kwali irin wanda Turawa suke karya kumallo da shi, ta zuba madara, ya sha yana cewa kunun marasa lafiya. Ta ajiye masa ƙarfen dogarawa a gabansa, ya kau da kai. Sai ta gyara masa bargo a bakin ƙofa, ita da Lawal su shiga yawo. Sun bi rafi har inda yake faɗowa daga kan dutse, ruwan sanyi ƙarara, Lawal ya yi alwala da shi ya fito yana rawar ɗari yana rantsuwa ba zai ƙara ba. Sun haye katangu ta wasu 'yan matakalai na katako, sun ratsa wata ciyawa mai faɗin ganye da ta kai musu ƙugu, sun tarar da kangon wani gida da bishiya ta tsiro a tsakiyarsa. Duk abin da ta gani sai ta dawo ta zayyana wa Baba, har da ƙari. Shi kuwa sai ya ce, "To, madalla," ya ja carbinsa.

Lawal ya fara yi mata wani irin kallo. Ita kuwa ta yi kamar ba ta gani.

Ran nan da yamma ta tura keken kan kwalta, ta bi da shi gefen tudu. Suna shan kwana sai ga su: tumaki birjik a jikin tudun, farare, masu gashi buzu-buzu, kowace da ɗigon jan fenti a gadon baya, 'ya'yansu na tsalle a gefensu. Wasu ma a tsakiyar hanya suke kwance suna tuƙa.

Baba ya miƙe zaune sosai. Ya ce, "Tsaya."

Ta tsaya. Ya daɗe yana kallo, leɓensa na motsi.

"Ina makiyayin?"

"Ina jin babu, Baba. Nan haka suke barinsu."

"Ke dai ba ki gan shi ba. Yana nan bayan wani dutse yana barci, ɗan banza." Ya nuna da haɓa. "Ga shaida a bayansu, suna da mai su. Wa zai saki dukiya haka, ga 'ya'ya ƙanana, rana ta yi sanyi?"

Jamilatu a cikin gari ta yi karatu, a London take aiki, abin da ta sani game da tumakin Wales bai wuce abin da ta hango ta tagar mota ba. Ta ce, "Wataƙila." Suka koma gida. Amma washegari tun da safe shi ya ce a fitar da shi ƙofa, a juya keken ya fuskanci tudu. Wuni ya yi yana sa ido. Da suka dawo daga yawo ya ce musu, "Ba wanda ya zo. Ba wanda ya kai su ruwa, ba wanda ya kira su. Wani bawan Allah yana can yana neman dabbobinsa ido rufe."

Lawal ya yi dariya ya ce, "Baba, sai mu kai cigiya gidan mai unguwa." Baba bai yi dariya ba.

Ana gobe jajiberin komawarsu, bayan la'asar, madara da burodi suka ƙare. Jamilatu da Lawal suka shiga mota suka gangara ƙauyen da ke ƙasan kwari. Lawal ya shiga akwatin wayar da ke gefen kanti ya kira gida. Da ya fito fuskarsa ba daɗi. A hanyar dawowa ya ce, "Yaya, Babban Yaya ya ce an gama magana. Muna komawa London a nema wa Baba jirgi. Ya ce kin yi ƙoƙari, Allah ya yi miki albarka, amma ya isa haka."

Ta ce, "Makon bai ƙare ba."

"Haba Yaya! Ko taku ɗaya bai yi ba."

Gaskiya ce ya faɗa, kuma ta soke ta. Gajimare ya sauko ya rufe kan tudu, yayyafi ya fara. A karo na farko tun da suka baro Lewisham ta fara shakkar dabararta, ta tuna dariyar Awabu.

Tun kafin su hango gidan suka fara jin kukan. Da suka sha kwana Lawal ya taka birki, ya ce, "Innalillahi!"

Lambun Eunice cike yake da tumaki, maƙil. Kabejin nan sai kututture. Waken sun janyo shi ƙasa da sandunansa. Wata ƙatuwar tunkiya tana tsaye a tsakiyar furanni tana taunar na ƙarshe hankali kwance. A waje kuma wasu iyaye suna zagaya katanga suna kuka, 'ya'yansu na amsawa daga ciki. Ƙyaure a rufe gam. A gefensa, kan wani benci na dutse, ga Malam Nata'ala zaune, hularsa ta jiƙe, kwanon wanke-wanke a cinyarsa da ragowar hatsin kwali a ciki, sandar nan ta shirayi a jingine da gwiwarsa. Fuskarsa fes, irin ta wanda ya gama aikin lada.

Ya ce, "Sai yanzu? Hadari ya taso, dare na zuwa, ga dabbobin mutane a sake. Na kaɗa musu kwano suka biyo. Kai Lawal, juya motar nan ka koma ƙauye ka ba da cigiya. Ka ce tumaki masu jan fenti suna hannunmu, lafiya lau, mai su ya zo ya ɗauka."

Lawal ya ɗora hannu a ka. "Baba, ka kashe mu! Lambun matar nan!"

Jamilatu ba lambun take kallo ba. Keken take kallo. Yana can bakin ƙofar gida inda suka bar shi, bargo ya zube a ƙasa, ƙarfen asibiti a gefensa ba a taɓa shi ba. Tsakanin keken da bencin nan tsakuwa ce zube, wadda taya ba ta bi, ita ta sani domin kullum sai sun ɗaga keken su biyu. Ta dubi keken, ta dubi bencin, ta dubi takalman Baba da suka yi caɓa-caɓa da laka. Wani daɗi ya taso mata har maƙogwaro. Ta haɗiye shi, ta yi shiru. Ta san in ta ce, "Baba, ka yi tafiya," zai tuna da tsoronsa.

Ba a jima ba sai ga tsohuwar motar gona ta taho a guje. Kukan tumakin ya kai wa Eunice har bayan tudu. Ta diro, wani baƙin kare mai farin wuya ya diro bayanta. Ta tsaya a bakin katanga ta dubi lambun mijinta. Fuskarta ta yi ja. Sai ta juyo ta buɗe musu wuta da Turanci. Abu ɗaya ta roƙe su, ɗaya tak! Wane mahaukaci ne ya tara mata tumaki a lambu? Wa ya raba 'ya'ya da iyayensu? Furannin can na gefe mijinta ya shuka su da hannunsa shekarar da ya rasu.

Baba ya ce, "Me take cewa? Ita ce mai su? Ki ce mata ba komai, ba sai ta yi godiya ba."

Lawal ya raɗa wa Jamilatu, "Yaya, ki sassauta masa."

Jamilatu ba ta sassauta komai ba. Ta durƙusa a gaban mahaifinta ta faɗa masa duka, har zancen furannin. Sannan ta miƙe ta yi wa Eunice bayani: a garinsu dabbar da aka gani a sake da yamma ba makiyayi, ɓatacciya ce. Wanda ya gan ta, haƙƙi ne a kansa ya kama ta, ya ba ta abinci, ya sa a yi shela har mai ita ya zo. Wanda ya gani ya wuce, ba mutumin kirki ba ne.

Eunice ta saurara, numfashinta ya ɗan sauka, amma ba ta huce ba. Ta ce tumakin nan ba su ɓata ba. A kan tudun nan aka haife su, a nan aka haifi iyayensu da kakanninsu, kowace ta san iyakar wurinta. Ba kura, ba mai bin su. Can suke kwana, ruwa ko iska.

Da Jamilatu ta mayar masa da wannan, Baba ya ajiye kwanon a kan benci. Ya dubi kututturen kabejin, ya dubi iyayen da ke kuka a bayan katanga. Mutumin da ya shekara hamsin ana kiransa a raba gardama kan dabba, yau shi ne ya yi ɓarna a gonar gwauruwa. Kunya ta lulluɓe shi, har kafaɗunsa suka sauka. A hankali ya ce, "Ki ba ta haƙuri. Ban sani ba."

Eunice ta ɗaga kafaɗa. Ta buɗe ƙyauren, ta sa yatsu biyu a baki za ta yi wa karen fito. Karen ya riga ya kwanta a ƙasa, ya kafe tumakin da ido.

Baba ya ce, "Me za ta yi?"

Lawal ya ce, "Karen ne zai kora su. Yanzu zai mayar da su, kafin ka ƙifta ido."

"Kare?" Muryar tsohon ta canza. "Ni in yi ɓarna, kare ya gyara, ina zaune ina kallo? Ni na sauko da su, ni zan mayar da su inda na gan su."

Jamilatu ba ta jira komai ba. Ta yi wuf ta riƙe hannun Eunice kafin fiton ya fita. Matar ta dube ta da mamaki. Jamilatu ta yi ƙasa da murya ta ce, "Don Allah ki riƙe karenki. Dubi keken can. Watanni ke nan bai taka ƙasa ba sai yau, saboda tumakinki. Lambun zan tsaya a gyara shi, na yi alkawari. Ki bar shi ya mayar da su."

Eunice ta dubi keken, ta dubi tsohon. Idonta ya sauka kan sandar da ke hannunsa, sandar mijinta, ya daɗe a wurin. Ta sauke yatsunta daga baki. Ta yi wa karen magana ɗaya, ya koma mota yana waiwaye.

Baba ya kafa sandar a tsakuwa, ya yunƙura. Bai tashi ba. Ya sake, ya miƙe, yana tangaɗi. Lawal ya zabura zai kama shi, Jamilatu ta damƙe bayan rigarsa.

"Yaya, zai faɗi!"

"In ya faɗi zai tashi. Ƙashin nan ya fi naka ƙwari, na ga hotonsa. Ka taɓa shi, ni da kai ne."

Baba ya shiga lambun ya zagaya bayan tumakin, taku ɗaya, hutu, taku ɗaya. Ya buga sanda a katanga, ya yi wani kira daga maƙogwaro wanda Jamilatu rabonta da ji tun tana 'yar firamare. Tumakin suka yi cincirindo a ƙyaure suka fice, 'ya'ya suka ruga wurin iyayensu suka kama nono, sannan garken ya miƙi hanyar tudu. A gaskiya, tumakin nan ba sa bukatar kowa. Ko an bar su su kaɗai gida za su, sun fi kowa sanin hanya. Eunice ta san haka, Jamilatu ma ta gane. Ba wadda ta ce uffan.

Ya bi su. Ya ƙetare kwalta ya hau ciyawa. Tudun ba wani tsayi ne da shi ba daga nan zuwa wani babban dutse inda ya saba hango su, amma ga mai sabon ƙugu da ƙafafun da suka yi watanni a naɗe, tafiya ce. Su uku suna biye da shi daga nesa, yayyafi na sauka. Jamilatu tana kallon yadda yake jefa ƙafar hagu, tana lissafin aikinta a zuci, hannunta kuwa bai saki rigar Lawal ba. Ba don ta riƙe Lawal kaɗai ba. Da ta sake shi, ita za ta fara rugawa.

A tsakiyar hawan ƙafarsa ta zame a jiƙaƙƙiyar ciyawa, ya zube kan gwiwa ɗaya.

Lawal ya yi ƙara. Eunice ma ta yi taku biyu. Jamilatu ta ji kamar an zare mata rai, amma ta buɗe hannu ta tare su duka. Ga abin da ya kayar da shi a banɗakin Lewisham ya dawo, a nan za a yi ta ko a bar ta. Baba ya tsaya a durƙushe, kansa a sunkuye, bayansa na hawa da sauka. Bai waiwayo ba. Can gabansa wani ɗan tunkiya da aka bari a baya ya tsaya yana kuka, ya rasa inda uwarsa ta bi.

Baba ya ɗaga kai. Suka ji ya ce, "To, to, ga ni nan." Ya kama sandar da hannu biyu, ya kafa ta, ya tashi. Ya zungure ɗan tunkiyar a hankali, suka ci gaba tare.

Da ya kai dutsen, tumakin suka bazu cikin ciyawarsu suka sa kai ƙasa kamar ba abin da ya faru. Ya tsaya yana kallonsu, yana mayar da numfashi. Sai ya yi abin da jikinsa ya saba yi tun yana yaro in garke ya natsu, ba tare da ya yi tunani ba. Ya ɗaga sandar daga ƙasa, ya gicciya ta a bayan wuyansa, ya rataya hannuwansa biyu a kanta.

Lawal ya ce, "Yaya..."

Ta gani. Sandar tana sama. Ba abin da ke riƙe da Malam Nata'ala a kan tudun nan sai ƙafafunsa biyu. Hawayen da ta hana kanta duk watannin nan suka ɓalle, ta bar su, ko sharewa ba ta yi ba. Eunice ta ciro hankici ta fyace hanci da ƙarfi, ta ce wai sanyi ne.

Baba ya juyo ya hango su a ƙasa, jiƙe sharkaf. Ya ɗaga murya yadda ake yi a fili.

"Uwata! Tsayuwar me kuke yi a ruwa? Ki tambayi baiwar Allahn nan inda take ajiye fartanya, gobe da sassafe zan shiga lambunta. Kai kuma Lawal, je ka janye keken can daga bakin ƙofa. In na sauko ta nan zan wuce."